Daga Ɗamarar Sojan Rum Zuwa Sikelin 'Yan Gwangwan: Kada Mu Sayar Da Tarihinmu A Kilo

Duk wanda ya saba cin kasuwannin yankin Magariya da Dungas, tun daga Bande da Wacha da Kwaya har zuwa Dogo-Dogo da Malawa, ya san rumfar 'yan gwangwan ko da bai taɓa tsayawa a gabanta ba. A can gefen kasuwa suke zama, ga sikeli a rataye, ga buhuna a jere, ga kuma mayen ƙarfe a hannu wanda da shi ake raba baƙin ƙarfe da sauran dangoginsa. Abin da mayen ƙarfe ya kama kuɗinsa kaɗan ne, wanda bai kama ba, wato jan ƙarfe da tagulla da alminiyam, shi ne mai tsoka. Ta nan ne fasasshiyar tukunya da mataccen batir da tsohuwar garma suke zama kuɗin cefane, kuma babu mai musun cewa sana'a ce da ke rufa wa dubban gidaje asiri a Nijar da Najeriya.

To amma ba duk abin da ke hawa wannan sikeli ne shara ba. Mun sha ganin munduwar da ta yi kore saboda daɗewa a ƙasa, da likkafa mai zane, da wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu huda waɗanda ba a ma san amfaninsu ba, duk an zuba su buhu ɗaya da wayar lantarki. Wasu daga ƙasan adakar tsohuwa suka fito bayan an yi rabon gado, wasu kuma manomi ne ya tono su a kufai lokacin huɗa, ko kuwa ruwan sama ya zaizaye bakin kwari ya bar su a fili yara suka tsinta. Daga nan sai buhu ya hau mota ya tsallaka iyaka ta Babban Mutum ko ta Maigatari, ya faɗa Kano, ƙarshensa wuta. Abin da ya shekara ɗaruruwa a kwance, cikin sa'a guda ya zama ruwa.

Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu ɗauko wa masu karatu, musamman 'yan kasuwa da iyayenmu mata waɗanda kayan nan suka fi ratsawa ta hannunsu, labarin wasu ƙananan ƙarafa da duniya ta ɗauka da muhimmanci, wato ƙarafan ɗamarar sojojin Rum, domin mu auna mu ga abin da muke asara.

Ɗamara ita ce soja

Idan muka ce Rumawa ba muna nufin 'yan uwanmu na Ruma ta ƙasar Katsina ba ne. Muna nufin mutanen tsohuwar daular nan mai hedkwata a birnin Rum na ƙasar Italiya, wadda ta mallaki duk kewayen tekun da har gobe muke kira Bahar Rum, har da Masar da gaɓar Libiya da Tunisiya da Aljeriya da arewacin Maroko.

A wannan daula, abin da ke bambanta soja da farar hula idan ya tuɓe sulke da kwalkwali shi ne ɗamararsa. Fata ce ake jera wa faranta na tagulla, a shafa musu kuza ko azurfa don su yi ƙyalli, a sa mata kai irin na bel ɗin zamanin nan mai ɗan harshe da ke shiga huda, a gefe kuma a sa maƙalin wuƙa. A ƙarni na 1 na Miladiyya, sojan ƙasa yakan sako wasu siraran igiyoyin fata a gaban ɗamarar, kowace an jera mata ƙusoshi masu faɗin kai, a ƙarshenta kuma ɗan ƙarfe na lilo. Idan yana tafiya, tun daga nesa ƙarar ƙarafan nan da ta ƙusoshin takalminsa take sanar da mutane cewa ga soja nan tafe. Saboda haka ne ma ƙwace wa soja ɗamara ya zama babban wulaƙanci. Marubutan Rum sun kawo cewa sarki Agustas yakan hukunta sojan da ya yi laifi ta hanyar tsayar da shi yini guda a ƙofar tantin shugabansa babu ɗamara. Mu ma a Hausa idan aka ce mai ɗamara, ai kowa ya san ma'aikacin da ake nufi, idan kuma aka ce an kwance wa mutum ɗamara, an san ƙarfinsa ya ƙare.

Fata takan ruɓe, amma tagulla ba ta ruɓewa. Shi ya sa a duk inda sojojin Rum suka yi sansani, daga Ingila zuwa Siriya zuwa Maroko, masu binciken kayan tarihi suke samun waɗannan ƙarafa. Kuma da yake yayin ɗamara yana sauyawa kamar yadda yayin atamfa ke sauyawa a wurin matanmu, masana sukan dubi ƙirar kan ɗamara su faɗi zamaninta. A ƙarni na 3 an yi yayin kai mai siffar zobe da faffaɗar hamilar rataya takobi. A ƙarni na 4 da na 5 kuma ɗamarar ta ƙara faɗi ƙwarai, aka riƙa yi wa ƙarafanta zane mai zurfi kamar sassaƙar ƙwarya, har manyan ma'aikatan gwamnati waɗanda ba sojoji ba suka riƙa ɗaura ta a matsayin alamar muƙami.

Abin da ɗan ƙarfe ke iya faɗa

A shekara ta 79 dutsen Besubiyas na Italiya ya yi aman wuta ya binne garuruwan Fomfei da Harkulaniyam. A farkon shekarun 1980 masu tono suka tarar da ƙasusuwan wani mutum kife a tsohon bakin tekun Harkulaniyam. Abin da ya nuna cewa soja ne shi ne ɗamararsa mai faranta masu adon azurfa, da takobi da wuƙa a jikinta, ga kuma jakar kayan sassaƙa a bayansa da tsabar kuɗi na zinariya da azurfa. Wasu masana suna ganin yana cikin sojojin ruwan da aka tura ceton mutanen garin. Da a ce wani ne ya riga su ya zare ɗamarar ya kai wa maƙeri, da mutumin ya zama ƙashi kawai a cikin ɗaruruwan ƙasusuwan da aka samu a wurin.

A birnin Liyon na Faransa kuma, a 1950, an tono kabarin wani soja wanda aka jera wa ɗamararsa haruffan tagulla ɗai-ɗai, waɗanda idan aka haɗa su suke ba da wata 'yar addu'a da Latinanci mai ma'anar a yi amfani da ita cikin sa'a, kamar dai yadda mai sayar da zane yake ce wa mai saye Allah Ya sa a kashe lafiya. A tare da shi akwai tsabar kuɗi, wanda ya fi sabunta a cikinsu an buga shi a 194. Da yake an gwabza babban yaƙi a kusa da birnin a 197 tsakanin masu neman sarautar Rum, sai masana suka danganta mutuwarsa da wannan yaƙi. Haruffan da kuɗin da wurin da aka same su, su ukun ne suka haɗu suka ba da labari. Da an raba su, da kowanne ya zama kurma.

Amma labarin da ya fi shafar 'yan gwangwan shi ne na garin Kobrij a arewacin Ingila. A 1964 aka tono wani akwatin katako da sojojin Rum suka binne a ƙarni na 2, cike da tarkace: ɓallayen sulke, da kawunan masu, da ƙusoshi da sauran ƙarafan da aka tara don gyara ko sake ƙira. A taƙaice dai, buhun gwangwan ne na wancan zamani. Kafin wannan lokaci masana sun daɗe suna gardama a kan yadda ake harhaɗa sulken Rumawa mai falle-falle. Da suka bi 'yan ƙananan maɗaurai da ƙugiyoyi da sauran igiyoyin fatar da ke manne a jikin tarkacen nan, sai suka gano yadda kowane falle yake riƙe ɗan'uwansa. Yau duk wani sulken sojan Rum irin wannan da ake gani a fim, bashi ne ake ci daga wancan akwatin shara.

Shin kayan Rum sun tsallako Sahara?

Daular Rum ba ta taɓa mulkin ƙasar Hausa ba. Sansanoninta na can kudu a Libiya sun tsaya ne a wurare irin su Bu Najim, wanda aka gina a 201, da kuma Gadamas, garin da fatakensa suka zo daga baya suka yi kaka-gida a Kano da Damagaram. Kudu da nan akwai wata al'umma da ake kira Garamantawa a yankin Fezzan, masu babban birni a Jarma, waɗanda suka haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suka yi noma a tsakiyar hamada. A kaburburansu an samu tulunan mai da kwalabe da fitilun Rumawa masu yawa. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga wani ginin kabari irin na Rumawa a kusa da Jarma a 1850, kafin tafiyarsa ta kawo shi Damagaram a ƙarshen 1852.

Littattafan da suka rage daga wancan zamani sun kuma ambaci wani Barume mai suna Yuliyas Matanas wanda ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu zuwa kudu, har wata ƙasa da ake kira Agisimba inda karkanda ke taruwa. A Abalesa ta ƙasar Aljeriya, kusa da Tamanrasat inda 'yan cin-ranin yankinmu suke yawan zuwa, an buɗe kabarin Tin Hinan, wadda Buzaye suke ɗauka a matsayin kakarsu, a 1925. An same ta da mundayen zinariya da na azurfa, a ginin kuma akwai fitilar Rumawa da tambarin kuɗin sarki Kustantin wanda ya yi mulki a ƙarni na 4.

Kusa da mu kuma, a Kissi da ke arewa maso gabashin Burkina Faso daf da iyakar Nijar, masana daga Jamus sun fara tono wata tsohuwar maƙabarta a 1996. Sun samu takubba da wuƙaƙe da mundayen tagulla da duwatsun ado na gilashi da wuri, a kaburburan da suka girmi zuwan Larabawa Afirka ta Arewa. Da aka gwada tagullar a ɗakin bincike, sai aka ga wani sashe nata ya yi daidai da irin wadda ake sarrafawa a ƙasashen bakin Bahar Rum a ƙarshen zamanin Rumawa. Ashe ke nan ƙarfen ya tsallako, daga hannu zuwa hannu, daga zango zuwa zango, maƙeran wannan ɓangare suka narke shi suka ƙera abin da mutanensu suke so. Wannan gwaji kuwa ɗan ƙanƙanin ɓarɓashi yake buƙata daga jikin munduwa, amma sai munduwar ta tsira daga wuta tukuna.

Namu arzikin tagullar

Kada mai karatu ya ɗauka sai abin da ya fito daga Rum ne yake da daraja. Ƙasar Nijar tana cikin wuraren da suka fi daɗewa da sanin aikin jan ƙarfe a Afirka ta Yamma. A Marandet, kudu da Agadas, wani mai bincike Bafaranshe, Henri Lhote, ya tono 'yan ƙananan kaskon narka ƙarfe fiye da 40,000, shaidar cewa an yi wata babbar maƙera a wurin fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a Takadda a 1353, garin da masana suke ganin shi ne kufan Azelik na yankin Ingal. Ya ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a cikin gidaje ana mayar da shi 'yan sanduna, masu kauri da sirara. Masu kaurin ana ba da 400 a kan miskali ɗaya na zinariya, siraran kuma 600 zuwa 700. Da siraran ake sayen nama da itace, da masu kaurin ake sayen gero da man shanu da alkama, kuma ana fitar da su zuwa Gobir da Barno. Ashe tun kafin dala da jika, jan ƙarfe ne kuɗin cefanen kakanninmu. Haka zalika a 1964, a can hamadar Muritaniya, Théodore Monod ya tarar da kayan wani ayari da aka binne aka kasa dawowa ɗauka: sandunan tagulla 2,085 da tarin wuri. Wani falke ne ya yi wannan asara shekaru ɗaruruwa da suka wuce, amma asararsa ta zama hujjar da ake kafawa a yau a kan irin hajar da ke ratsa Sahara.

A nan gida kuwa, yankin Magariya da Dungas yana tsakanin tsofaffin masarautu ne: Daura a yamma, Kano a kudu, Damagaram a arewa, ga kuma ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Wacha da Mirya. Ƙasa ce ta dawaki da mahaya, ta linzami da likkafa da majayi da hamila, waɗanda duk maƙeran fari suke yi wa ado da tagulla. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, maƙeran Zinder har igwa suka zuba. Yaƙe-yaƙe da yunwa da ƙafewar rijiyoyi sun tayar da garuruwa da dama, shi ya sa da wuya ka yi tafiya mai nisa a karkararmu ba a nuna maka wani kufai ba, inda tsingaro da kashin maƙera suke warwatse a gona. A cikin jihar Damagaram ɗin nan ne Kufan Kanawa yake, mai tsohuwar ganuwar dutse, inda wata masaniya, Anne Haour, ta yi bincike ta fitar da littafi a kansa a 2003.

Darasi biyu: Durɓi da Bura

Abin da ake samu idan aka bi a hankali, ga misalinsa a Durɓi Takusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani tsakanin Katsina da Daura. An fara tona wasu daga tuddan kaburburan sarakunan wurin a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tona uku, amma a wannan karo sai aka yanko kowane kabari da ƙasarsa dunƙule guda. Daga baya aka kai su wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus, wanda, abin mamaki, ya yi suna ne a kan gyaran kayan Rumawa. A can aka riƙa share ƙasar kaɗan-kaɗan har aka fito da zobe da 'yan kunnen zinariya, da mundayen tagulla da na hauren giwa, da wuri, da wani kwanon ƙarfe da ya fito daga Gabas ta Tsakiya. An gano cewa kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 ne da na 16. An nuna kayan a Jamus a 2011, aka dawo da su Najeriya a 2014. Yanzu duk Bahaushen da aka ce wa kakanninsa ba su san duniya ba, yana da abin nunawa.

Abin da ke faruwa idan aka bi son kuɗi kuma, ga shi a Bura, cikin yankin Tera na jihar Tilaberi. An gano wurin a 1975, masanin nan ɗan Nijar Boubé Gado ya tona shi a 1983, ya fito da ɗaruruwan tukwanen binne mamata da mutum-mutumin mahayin doki wanda ya zama abin alfaharin ƙasa. Bayan an nuna kayan a Faransa a 1993, sai dillalan Turai suka buɗe ido. A watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa, talauci ya ƙaru, mutanen ƙauyuka suka ɗauki diga da shebur suka faɗa wa tsofaffin maƙabartu. Cikin 'yan shekaru aka yi kaca-kaca da mafi yawan wuraren. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura da na Nok a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi duniya kada a saya. Talakan da ya yi tonon ya karɓi na goro ya cinye a mako guda, dillalin Faris ya sayar da tsada, ƙauyen kuma ya tashi babu tukwane babu labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan haɗari bai wuce ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, na'urar neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ta zama haja a kasuwannin Nijar, kuma ita na'ura ba ta san bambancin ma'adini da kabarin kakan wani ba.

Hattara da 'yan damfara

Inda duk aka ce tsohon abu yana kuɗi, to macuta ba sa nisa. Akwai masu ɗaukar sabuwar tagulla su jiƙa ta da ruwan batir ko gishiri, su binne ta 'yan makonni har ta yi kore, sa'annan su zo da labarin cewa daga kabarin wani sarki ta fito, kuma wai akwai Baturen da ke jira a Yamai ko Kano, sai dai a kawo kuɗin mota da na dillali. Irin wannan tsatsa takan goge da ɗan yatsa ko ta bar gari a hannu, alhali ta ainihi takan kama jikin ƙarfe ne kamar fata.

Ga wasu abubuwa biyu da za su taimaka. Na farko, duk wanda ya kawo likkafa ya ce ta sojan Rum ce, maƙaryaci ne, domin mahayan Rum na wancan zamani ba su san likkafa ba sam, sai bayan faɗuwar birnin Rum ta shiga Turai. Na biyu, tsohuwar dalar azurfa mai kan mace wadda iyayenmu mata suke ajiya ko su ba maƙeri ya yi musu zobe, kusan kowace za ka ga an rubuta 1780 a jikinta. Wannan ba ya nufin a shekarar aka buga ta. Shekarar rasuwar sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba har a ƙarni na 20. Darajarta tana nan a azurfarta da kuma tarihin cinikin da aka yi da ita, amma kada a ruɗe ki da lamba.

Haka nan a tuna da abin da ya faru a Saudiyya a 2009, lokacin da aka baza jita-jitar cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsofaffin kekunan ɗinki samfurin Singer, mutane suka yi ta saye da kuɗi masu yawa, daga baya ta bayyana cewa babu komai a ciki sai ƙarfe. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mene ne abin yi?

A Nijar akwai doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 a kan kare kayan tarihi. Ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba da takarda ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci wani abu ya sanar da hukuma. A Najeriya ma akwai irinta tun 1979. Saboda haka ɗan kasuwar da aka kama da su a kan iyaka, ko da a cikin buhun gwangwan ne, yana iya rasa kaya da jari, ya kuma kwana a hannun jandarma ko 'yan duwan.

Shawararmu ga 'yan gwangwan ita ce su ware ɗan kwano a gefen sikeli. Duk abin da ya zo mai zane, ko mai ƙirar da ba ta zamanin nan ba, ko wanda ƙasa ta kama jikinsa, a ajiye shi a tambayi wanda ya kawo daga wace gona ko wane kufai ya fito, a rubuta a takarda. Nauyin irin waɗannan bai taka kara ya karya ba, cire su daga buhu ba zai rage riba ba. Ga manomi ko yaron da ya tsinta, kada a kankare da wuƙa, kada a wanke da toka ko lemon tsami ko omo, domin a cikin dattin nan ne ake samun sauran zare ko fata da ke nuna shekarun abu. A ɗauki hotonsa da salula a inda yake, a sa alama, a gaya wa mai gari ko hakimi ko magajin gari, su kuma su isar ga ma'aikatar al'adu ta jiha, ko gidan tarihi na Zinder, ko cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Idan kuwa ƙashin mutum aka gani, a mayar da ƙasa a rufe, domin mamaci yana da alfarma ko na wane zamani ne.

Ga iyayenmu mata, Hajiya, munduwar kakarki da tasar da aka yi mata jere da ita halalinki ne, babu mai ƙwace miki. Amma kafin ki ba da su a musanya miki da robar da ba za ta kai baɗi ba, ki tambayi tsofaffin gida wa ya ƙera, daga wane gari aka kawo, a auren wa aka saya. Ki gaya wa 'yarki. Idan matsi ya sa dole sai an sayar, a fara tayawa a cikin dangi.

Su ma hukumomi da sauran aiki a gabansu. A Ingila tun 1997 aka kafa wani tsari inda duk wanda ya tsinci tsohon abu zai kai wa jami'i a yankinsa, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta inda aka same shi, kuma mafi yawan lokaci a mayar masa da abinsa. Ta haka suka rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya, ciki har da ɗimbin ƙarafan ɗamarar Rumawa. Talaka ba zai kai rahoto ba muddin yana tsoron za a tsare shi ko a karɓe ba ko sannu. Ɗaki ɗaya a ofishin magajin garin Magariya, wani a Dungas, da littafin rajista da malami guda, da ɗan tukuici ga wanda ya kawo, sun isa a fara. Sarakunanmu kuma, waɗanda har yanzu suke hawa da kayan dokin da suka gada, su ne suka fi cancanta su ja gaba.

Ranar kasuwa mai zuwa, idan aka zazzage buhu a gaban sikeli, muna roƙon a ɗan tsaya a duba kafin a ɗora. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma jiƙan magabatanmu, amin.